Wushiryar Da Ba Tawa Ba

Ku matso kusa, masu karatu, don maganar yau ba ta ɗaga murya ba ce. Da hannu ɗaya nake wannan rubutun, ɗayan yana dafe da leɓena da har yanzu bai dawo daidai ba. In kun ga ina ta kewaye-kewaye ku yi mini uzuri. Tsoro ne, wallahi tsoro ne.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni: shekarata ashirin da huɗu, ina aiki a shagon sayar da tabarau. Mama ta rasu ina 'yar shekara goma sha ɗaya. A gida mu huɗu ne, Baba, da ƙanwarsa Gwaggo da ta dawo ta riƙe mu, da ni, sai ƙanwata Auta mai bakin tsiya. Sannan akwai wani. Mai ɗaukar hoto ne, ɗakin hotonsa yana bayan layin shagonmu, a wayata ma Mai Hoto na rubuta masa. Nan da mako uku iyayensa za su zo wurin Baba.

Tabarau ya zo saya ranar da muka haɗu. Ya ɗauki wani na mata mai duwatsu a gefe ya ƙwama a fuska, ya juyo yana tambayata da gaske ko ya yi masa kyau. Na yi iya ƙoƙarina, dariyar ta ƙwace. Sai ya tsaya cak yana kallon bakina.

"Don Allah sake," in ji shi.

"In sake me?"

"Dariyar."

Tun daga ranar ban ƙara jin sunana a bakinsa ba, sai Mai Wushirya.

Zuwansa na uku gidanmu, muna zaune a falo, Auta ta ajiye masa ruwa ta tafi ta laɓe bayan labule kamar yadda ta saba. Ya zo a gajiye, idonsa ya yi ja saboda kallon kwamfuta. Ya jingina da kujera ya ce, "Kin san aikina kuwa? Tun safe nake goge ƙuraje, ina ƙara wa mutane haske, ina rage wa wannan tumbi, ina ƙara wa waccan gira. Wani sa'in in na gama, mai hoton ma ba ya gane kansa. Na gaji da abin da aka gyara. Ke kaɗai ce in na ɗauka ba na taɓa komai."

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina. Auta ta gaji da laɓe ta wuce ciki, na ji ƙarar silifas ɗinta. Da ma ta tsaya!

Ya rage murya ya ce, "Wannan wushiryar, da ita aka haife ki?"

Ku saurara, a nan ne na halaka kaina. Ban yi ko tunani ba na ce, "Gadon Mama ce."

Bawan Allahn nan ya ɗaga hannu sama ya yi wa Mama addu'a doguwa, ya shafa, ya ce, "Allah Ya ji ƙanta. Ta bar miki abin arziki." Ni kuma na ce amin. Da wannan bakin na ce amin.

Gaskiyar ita ce Mama tana da wushirya, kyakkyawa kuwa, siririya. Ni ce ba ni da ita. Kowa ya zo gidanmu sai ya ce Auta ce ta ɗauko Mama, ido, hanci, har tafiya, ni kuwa Baba ne sak. Abin yana ci mini rai, na rasa wanda zan faɗa wa. Ina da shekara goma sha tara wata ƙawata ta ce akwai mai gyaran farce a bayan wani shagon gyaran gashi, tana buɗe wa 'yan mata wushirya. Na je. Ta zaunar da ni a kujerar roba, ta ɗaura mini tawul a wuya, ta ɗauko injin da take goge farce da shi ta canza masa baki. Ba allura, ba komai. Ta ce in riƙe hannun kujerar. Ƙarar tana shiga har tsakiyar kaina, ƙauri yana tashi irin na gashin da ya ƙone, hawaye yana bin kunnena, ita kuwa tana hira da wata a kan kuɗin ƙunshi. Cikin minti ashirin ta miƙo mini madubi.

Sai ga Mama a cikin madubin. Na yi kuka, amma na daɗi.

A gida Gwaggo ta yi kwana uku tana faɗa, a rana ta huɗu ta ce, "Amma fa ta yi miki kyau, 'yar banza." Baba ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Uwata, me ya kai ki?" Bai ƙara ko kalma ba har yau. Na bi wayata na goge duk wani tsohon hoto da haƙorana suka fito a ciki, na sa ƙawayena ma suka goge.

Shekara biyar ke nan ban sha ruwan sanyi kamar mutane ba. Ta gefen baki nake zuƙa, in na manta ya taɓa haƙoran gaba sai in ji kamar an soka mini allura har cikin hanci. Na saba, na ɗauka farashin ke nan. Amma wata biyu da suka wuce haƙorin da ke hagun wushiryar ya fara zugi. Yana bugawa tare da zuciyata, in na sunkuya ɗaukar abu sai in ga wuta. Na yi ta haɗiyar maganin ciwon kai. Bayan kwana goma ya daina ɗif, har na yi sadaka don murna.

Sai launinsa ya fara sauyawa.

Kun san shagon tabarau, ko'ina madubi ne. Na bango, na kan tebur mai juyawa, ƙanana a jikin kowane jere. Duk inda na juya sai in ga haƙorin yana ƙara yin toka-toka kusa da ɗan'uwansa. Sannan wani ɗan ƙurji ya fito a dasashina, can sama ƙarƙashin leɓe. In na danna shi sai wani ruwa mai ɗaci ya fito, ya sace, gobe ya dawo. Na koma jan baki mai duhu, na koyi murmushi da baki a rufe. Mai shagon har tana tambayata ko wani ya ɓata mini rai.

Ranar Asabar na nuna wa Gwaggo. Tana ninke kayan wanki a kan gado, ta ajiye, ta kama haɓata ta juya ni wajen taga.

"Innalillahi! Wannan kuma mene ne?"

"Gwaggo, asibiti zan je."

"Asibitin me? Su cire miki haƙorin gaba saura mako uku mutane su zo? Ki fito musu da giɓi? Ba da ni ba. Babu mai taɓa miki baki sai an ɗaura aure, in ya so bayan nan ku ƙarata can."

"To in ya ƙara baƙi fa?"

"Ki rufe bakinki mana! Wa ya ce dole sai kin wage wa surukai haƙora? Su ce mai kunya ce, ai riba ce."

Ta jawo wata 'yar kwalba daga jakarta ta zazzago mini kanumfari a tafin hannu, wai in riƙa dannawa a wurin. Auta da ke kwance tana latsa waya ta ɗago ta ce, "Yaya, ki shafa masa alli kawai." Na jefe ta da matashi. Suka yi ta dariya. Ni kuwa a ranar na fara jin nauyi a gefen hancina.

Litinin da rana, lokacin cin abinci, na ce wa mai shago zan je in dawo. Asibitin haƙorin yana hawa na biyu a wani gini, saman shagon sayar da fenti. Tun daga matattakala warin magani ya tare ni. A ɗakin jira akwai kujeru shida masu ruwan ganye, da wani ƙaton haƙori na roba a kan tebur an tsaga shi biyu ana ganin cikinsa. Daga ɗakin ciki ƙarar inji take fitowa, irin ƙarar nan dai da na sani. Sau biyu ina miƙewa zan gudu.

Likitar mace ce, gajera, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Ta kwantar da kujerar, ta jawo fitila, ta ɗaga leɓena da ɗan madubi mai mariƙi. Ko minti ɗaya ba ta yi ba.

"Wa ya yi miki wannan ɓarnar?"

"Haka aka haife ni," na ce. Kun ji fa, har a nan.

Ta dube ni ta saman tabarau. "'Yata, shekara ashirin da shida nake leƙa bakin mutane. Wushiryar Allah gefenta a zagaye yake, sumul. Wannan ga sawun inji nan. Ke ce ta huɗu a wannan shekarar."

Sai na fashe da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, ta miƙo mini takardar goge ido, sannan ta sa ma'aikaciyarta ta ɗauki hoton cikin haƙoran. Da ya fito a allo ta juyo mini da shi.

"Duba nan. Haƙori yana da ɓawo mai tauri a waje, shi ne rigarsa. A ƙarƙashi akwai wani sashi mai laushi, a can tsakiya kuma jijiya da jini. Matar nan ɓawon ta kankare miki, kuma ba ya sake tsirowa. Shi ya sa ruwan sanyi yake sukarki. Ta nan ƙwayoyin cuta suka samu ƙofa."

"Amma ya daina ciwo, Likita."

"Ba warkewa ya yi ba, jijiyar ce ta mutu. Kin ga wannan baƙin da ke saman saiwar? Mugunya ce ta taru a cikin ƙashi. Ƙurjin da kike dannawa, ta nan take samun hanyar fita."

Na ce, "Cirewa za ki yi?"

"Ba na cire abin da zan iya cetowa. Na daman yana da rai, ruɓewar ba ta yi nisa ba. Zan share wurin in yi masa ciko da wani abu mai launin haƙori, in gina masa gefen da aka cinye, in busar da shi da haske. Ba wanda zai gane. In nan gaba kina son ƙarin kyau, akwai siririn tangaran da ake liƙawa a fuskar haƙori, amma ba shi ne damuwarmu yanzu ba. Na hagun ne mai aiki. Zan yi miki allurar kashe zafi, in huda shi ta baya, in fitar da matacciyar jijiyar, in wanke ramin tas, in sa magani. In ya lafa in toshe. Da yake an cinye masa gefe ga kuma huda, ba zai yi ƙwari ba, sai an sa masa hula."

"Hula?"

"Ta tangaran. Ana ɗan rage haƙorin, a auna, a ƙera wani kamarsa mai rami a ciki, a kifa masa a manne. Saiwarki ce a ƙasa, hular ce a sama."

Na ce, "Ba za a iya wanke shi kawai ya yi fari ba? Na ga ana talla."

Ta yi 'yar dariya. "Wancan na masu lafiyayyun haƙora ne da shayi ya dafar. Naki daga ciki ya yi duhu, kuma ciwo ne a ƙarƙashi. Ko na haskaka shi, mugunyar tana nan tana aikinta."

"To in na bari sai bayan wata biyu fa?"

Nan ta ajiye madubin. Ta daina murmushi.

"Biki ne?"

Na gyaɗa kai.

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Yana iya kai wa wata biyu shiru. Yana iya kuma toshe hanyar nan gobe, ki tashi leɓe ya kumbura, hanci ya kumbura, ido ya rufe, ga zazzaɓi. Ciwon haƙorin sama ba abin wasa ba ne, yana kusa da inda ba ma so ya je. In ƙashin ya ci da yawa, dole in cire. Daga nan sai dai haƙorin roba da ake cirewa a mayar, ko gada, wato in rage na gefe biyu masu lafiya in rataya sabon a tsakaninsu, ko dashe, a kafa ƙarfe a ƙashi a jira watanni kafin a ɗora haƙori. Duk suna aiki. Amma babu wanda ya kai naki."

Na ce a sa mini rana. Ta ce Alhamis da ƙarfe goma.

Har na miƙe ta ce, "Saura abu biyu. Ki zo mini da tsohon hotonki, na kafin a taɓa su, wanda kike dariya sosai. Mai ƙera hular yana son ya ga tsayinsu da faɗinsu na asali, kada ya yi miki haƙorin wata. Na biyu, ratar nan. Ina iya rufe ta, su koma yadda suke. Ina iya kuma barin ta, in gyara gefen yadda ko likita sai ya duba da kyau. Bakinki ne. Ki yi tunani."

Jama'a, kun ji inda aka ajiye ni. In na ce a rufe, da wane baki zan gaya masa gadon Mama ya ɓace a asibiti? In na ce a bari, na ƙera ƙaryar da tangaran ke nan, in shiga da ita gidansa, in haifa masa 'ya'ya yana leƙa bakinsu yana neman wushiryar kakarsu.

Ina sauka daga matattakala wayata ta yi ƙara.

"Mai Wushirya, na leƙo shago ba kya nan."

Na rubuta, "Na je sayen magani. Mura."

"Sannu. Kwana biyu duk hoton da kika turo baki a rufe. Laifin me na yi aka hana ni abincina?"

Na tura masa fuskar dariya. Ina tsaye a gaban shagon fenti, hawaye yana ɗiga a kan gilashin wayar, ina tura fuskar dariya.

Ya sake rubutowa, "Na nuna wa Hajiyarmu hotonki na ranar nan. Ta ce wannan wushiryar kaɗai ta isa. Na ce mata ta mahaifiyarki ce, har ta yi ƙwalla."

Na kashe wayar gaba ɗaya.

Sau uku a tsakanin Litinin da Laraba ina rubuta masa gaskiya ina gogewa. Na farko ya yi tsawo. Na biyu ya yi kama da wasa. Na uku na rubuta, "Akwai maganar da nake so mu yi," ya amsa nan take, "Ina jin ki, ranki ya daɗe," sai na ce wai launin labulen da zai saya nake tambaya. Ni dai Allah Ya shirye ni.

Ga kuma maganar hoto. Na goge komai da hannuna. Guda ɗaya ya rage a duniya, na ranar da muka gama sakandare, ni da ƙawayena biyu, yana cikin kundin hotunan da Baba yake kullewa a akwatinsa tare da takardun gida. Laraba da yamma na yi ta zagaye ƙofar ɗakinsa na kasa shiga. Ƙarshe na ja Auta gefe na gaya mata zancen asibiti, na ce ta roƙe shi mukulli da safe bayan na fita, ta ɗauki hoton da waya ta turo mini.

"Kuma Gwaggo kada ta ji."

"Me za ki ba ni?"

"Baƙar jakata."

"Da takalminta."

"Allah Ya isa. Na ba ki."

Abin da ban gaya mata ba shi ne kada Mai Hoto ya ji. Ban ga dalili ba. Kuma in na faɗa sai ta tambaye ni me ya sa, ni kuwa ko Auta ba na so ta san abin da na yi da sunan Mama.

Alhamis na saka doguwar riga ruwan toka da farin mayafi, ban shafa komai a baki ba. Rabona da fita haka har na manta. Goma saura na isa. Ina ɗakin jira hoton ya shigo. Na miƙa wa ma'aikaciyar, ta ja shi da yatsu biyu, ta girgiza kai. Hoton ƙarami ne, ya manne a bayan ledar kundin, hasken taga ya faɗa daidai fuskata.

"Ba a ganin haƙoran," in ji ta.

Na rubuta wa Auta, "Bai fito ba. Ki san yadda za ki yi ya fito sosai." Aka kira ni ciki.

Allurar ba ta kai yadda na zata ba, ɗan cizo ne sai wani nauyi. Kafin minti biyar leɓena ya zama kamar ba nawa ba, har ƙasan hancina. Likita ta ɗauko wata shimfiɗar roba shuɗiya ta rufe mini baki da ita gaba ɗaya, haƙorin kaɗai ya leƙo ta wata 'yar huda, ta maƙale shi, ta ɗaure robar a wani firam a kan fuskata.

"Wannan don kada yawu ya shiga ramin, kada kuma wani abu ya faɗa miki maƙogwaro. Ba za ki iya magana ba. In kin ji zafi ɗaga hannun hagu."

Injin ya tashi. Na runtse ido, na damƙe wayar a cinyata da hannu biyu. Babu zafi, sai girgiza da ƙauri. Can ta ce, "Yawwa, mun shiga." Wani wari ya fito wanda ya sa ni jin kunya. Ta fara zura wasu siraran allurai tana murzawa tana fitarwa, ma'aikaciyar tana zuƙe ruwa da bututu.

Wayar ta yi motsi a hannuna. Na ɗago ta a hankali ta gefen hannun Likita.

"Yaya, kar ki damu, na ɓanɓaro shi na kai wa Yaya Mai Hoto, yana da injin da ke ƙara girma. Na gaya masa inda kike. Ya ce shi zai kawo miki da kansa. Takalmin fa kar ki manta."

Wayyo Allah! Na zabura, wani gurnani ya fito daga maƙogwarona.

"Kar ki motsa!" Likita ta dafe goshina. "Allura tana ciki, in ta karye a nan mun shiga uku. Zafi kike ji?"

Na girgiza ido, don kai ba ya girgizuwa. Na ɗaga wayar sama ina latsawa da yatsa ɗaya. Na rubuta wa Auta "karɓo", ya tafi a "karɓi". Na buɗe sunansa. Yana kan layi. Babu saƙo, babu alamar yana rubutu. Ya sauka.

Daga ɗakin hotonsa zuwa nan tafiyar minti goma sha biyar ce. Akwai agogo a bango, daidai saitin idona. Na ga kowane minti da idona. Zufa ta jiƙa mini baya, riga ta manne da ledar kujera. Na yi addu'ar Allah Ya sa inji ya lalace, Ya sa wuta ta ɗauke, Ya sa ya ba wa wani saƙon. Likita kuwa tana ta yaba mini, wai ban da motsi ɗaya na fi maza da yawa jarunta.

Aka ƙwanƙwasa. Mai karɓar baƙi ta leƙo.

"Likita, wani ya kawo hoto. Ya ce shi ne mai neman aurenta."

"Ma sha Allah. Ya tsaya daga bakin ƙofa."

Ya tsaya. Farar riga ce a jikinsa, hannun a naɗe, tabaran da na zaɓar masa a fuskarsa, babbar ambulan a hannu. Ya dube ni a kwance, baki a wangale, shuɗiyar roba a fuska, baƙin haƙori ɗaya a tsaye a tsakiya. Bai yi dariya ba. Bai ce sannu ba.

Ma'aikaciyar ta karɓi ambulan ta zaro. Ya yi aikin da kyau, wannan kam ba a ƙwace masa. Ya yanke ƙawayena, ya ƙara girman fuskata har ta cika takarda. Ga ni nan 'yar shekara goma sha takwas, ina dariya da dukan bakina, haƙora a jere a manne da juna, ko tsinke ba zai shiga ba.

Likita ta ɗaga shi wajen fitila ta ce, "Kai! Dubi haƙora lafiyayyu. Wannan zai yi." Ta maƙala shi a jikin allo kusa da hoton saiwar. Sannan ta juyo gare ni, ita ba ta san komai ba, baiwar Allah. "To, ga mai gayya ma ya zo. Kun yanke shawara? A rufe ratar ko a bari?"



"Bakinta ne, Likita," in ji shi. Muryarsa a kwance, da ma faɗa ya yi. "Ki dai ceto mata haƙorin."

Ya juya kamar zai tafi, sai ya dawo ya dafa ƙofar. Ya cire tabaran ya riƙe a hannu. Ya kira ni da sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun ranar farko.

"Abu ɗaya kawai nake so in sani. Mahaifiyar taki, ita tana da ita da gaske? Ko ita ma…"

Bai ƙarasa ba.

Tana da ita! Wallahi tana da ita, siririya, in ta yi dariya har harshenta ake hangowa. Ita kaɗai ce gaskiyar da ke cikin maganar gaba ɗaya. Na yunƙura in faɗa, robar ta riƙe ni, allura tana cikin haƙorina, leɓena a mace. Abin da ya fito wani gurnani ne kawai. Na ɗaga hannu ina miƙa masa.

"Zafi?" in ji Likita, ta sunkuyo da sauri ta tare tsakanina da ƙofar.

Kafin ta matsa, babu kowa a wurin.